Don Otoniel da Lambar da Ta Fito Sau Biyu

Ranar Talata, a gaban ma'aikata talatin da ɗaya, manajarmu Dokta Ximena Echeverri ta karanta rahoton da ya ɗora wa Don Otoniel Buriticá laifin da bai yi ba. Rahoton ya ce tsohuwar manhajarsa ce ta ba kwalaben jini biyu lamba ɗaya. Ƙarya ne. Kwana goma sha bakwai kafin abin ya faru aka cire ɓangarensa mai ba da lamba, aka sa na wani. Ɗaya daga cikin kwalaben nan biyu kuwa a hannuna take, ni Luz Dary Ocampo, mai zama a taga ta biyu ta karɓar masu awon jini.

Ranar Juma'a za a aika rahoton ofishin lafiya, a sa kwafinsa a fayil ɗin Don Oto. Daga fayil ɗin nan za a rubuta masa takardar shaidar da makarantar koyon sana'a ta nema kafin ta ba shi aji. Shekara biyar ke nan yana ɗokin wannan koyarwa, yana jiran ya ajiye aikinmu a ƙarshen Nuwamba. Wace makaranta ce za ta damƙa ɗalibanta ga mutumin da aka rubuta cewa ya cakuɗa jinin jama'a?

An ce in rubuta layi goma na bankwana a kansa don mujallar ma'aikata. Layi goma ba za su ɗauke shi ba, sai a yi haƙuri.

A wata gonar kofi aka haife shi, can saman tudun Marsella, shi ne na shida cikin tara. Da bakinsa yake ba da labarin cewa a duk gidan babu wanda ya kai shi nawa wajen tsinkar kofi. Yayyensa su cika kwando uku, shi yana kan na farko, don ba ya taɓa ɗanye, sai jajayen da suka nuna yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ubansa ya dube shi wata rana ya ce, "Kai dai ka nemi aikin zaune, in ba haka ba yunwa ce ajalinka." Ya ji magana. Yana da shekara ashirin da biyu ya sauko Pereira da riga biyu da takalmin coci, ya samu aiki a wannan ɗakin gwajin jini, lokacin gida ɗaya ne mai taga biyar da bishiyar gwaba a tsakar gida.

Aikinsa riƙon littafi. Duk kwalbar da aka ɗebi jini a cikinta sai an ba ta lamba, lambar da babu wata kwalba mai irinta. Da ita ake sanin wannan jinin na wane ne. Suna yakan zo ɗaya, a garin nan kowane layi akwai María López uku, amma lamba ba ta zuwa ɗaya. Littafin babba ne, kan wani teburi a bayanmu, da alƙalami guda ɗaure da zare a jikinsa. Na tarar da shi haka da na zo aiki, ina 'yar shekara goma sha tara, fitowata sakandare ke nan. Dokar Don Oto guda ce: wanda ba ya riƙe da alƙalamin nan ba ya duba littafi, balle ya ɗauki lamba.

"Don Oto, lamba!" in ce, ga tsohuwa na huci a gabana, ga abokiyar aikina Nohemí a tagar kusa da tawa.

"Alƙalami na hannun Nohemí. Jira."

"Ai ina ganin lambar daga nan, ɗari biyu da shida ce ta gaba."

"Ita ma ita take gani. Jira, 'yar nan."

Wata rana na shigo da nawa alƙalamin daga gida. Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya karɓa, ya gode mini kamar kyauta na kawo masa, ya sa a aljihun riga. Har yau bai dawo mini da shi ba.

Da kwamfuta ta fara shigowa gari, ya riƙa zuwa makarantar koyon sana'ar nan duk Asabar, shekara uku, a kan kekensa. Mu dariya muke masa. Nohemí takan ce, "Don Oto, in ka gama ka koya mata soya ƙwai." Sai ga shi ya rubuta manhajar da ta maye gurbin littafin, ita muke aiki da ita har yau. Na tambaye shi yadda ya yi, ya ce babu wani sihiri, alƙalamin ya mayar ciki. Duk tagar da ta nemi lamba sai ta shiga wani ɗan ɗaki a cikin kwamfutar ta sa sakata, ta ɗauki lamba, ta rubuta ta gaba, sannan ta zare sakatar ta fito. Saura su jira a ƙofa. Shekara ashirin da bakwai ana haka, kwalba miliyan nawa ne oho, ba a taɓa samun biyu masu lamba ɗaya ba.

Wanda bai san shi ba zai ce rayuwarsa babu daɗi, don kullum iri ɗaya ce. Ƙarfe biyar da rabi yana bakin ƙofa, tunda masu zuwa awon jini da yunwa suke zuwa, ba sa son jira. Fulas ɗin baƙin kofi a hammata, kofuna shida na roba a aljihu, kowa ya samu kurɓi biyu. Ƙarfe tara ya ci arepa, wainar masarar nan, da cuku ɗin da Doña Ofelia, matarsa, ta naɗe masa a tsumma. Da rana ya kira ta a waya ya tambayi ko ta matsar da furanninsa daga rana, ita kuma ta ce masa da furannin za su iya girki da tuni ya sake ta. Ran Lahadi ya hau keke ya haura tudu tare da wasu tsofaffi huɗu, a dawo ana gardamar wanda ya fara sauka ya tura. Ban taɓa jin ya ce yana son wani abu da ba shi da shi ba, in ban da ajin nan.

Akwai al'adarsa guda da duk wanda ya yi aiki a nan ya sani. Ranar kasuwa yake ce mata. Duk lokacin da ya taɓa wani abu a manhajar, ko da waƙafi ne, to Asabar ɗin bayan an tashi sai ya tsare mu. Ya sayo buñuelo, soyayyun dunƙulen gari da cuku masu kama da ƙosai, da zafinsu cike da leda, kowa ya zauna a tagarsa, yatsa kan maɓalli.

"Ɗaya, biyu... Nohemí, ajiye abincin nan tukuna. Ɗaya, biyu, uku!"

Mu danna gaba ɗaya, injinan buga lamba su ɗauki ƙara. A yi haka sau ashirin, muna shewa kamar 'yan makaranta. Daga baya ya faɗa mini gaskiya cewa dannawarmu ba ita ce gwajin ba, yatsun mutum ba su da saurin da za su kama ɓarawon. Gwajin na gaske yana cikin ofishinsa: wata 'yar manhaja da ke yin kamar mutum sittin da huɗu ne ke kururuwar neman lamba a lokaci guda, awa ɗaya cur, sannan ta jera lambobin duka ta duba ko akwai tagwaye.

"To mu me ya sa kake tsare mu?" na ce.

"Don ku san abin da nake tsoro. Kuma buñuelo ba ya daɗi mutum ɗaya."

Ba zan ɓoye laifinsa ba, don ba waliyyi nake rubutawa ba. Kamfani ya girma, aka buɗe rassa bakwai, taga biyar ta koma arba'in da ɗaya, ga masu yin rajista ta waya daga gida. Dukkansu ƙofar ɗan ɗakin nan ɗaya suke bi. Shi kuma tun asali ya tsara cewa ba a zare sakata sai injin ya tabbatar ya buga lambar a takarda. To in takarda ta maƙale a reshen Dosquebradas, sai mu nan tsakiyar gari mu yi cirko-cirko. Litinin da safe layi har bakin titi. Ni da kaina na zage shi.

"Don Oto, jakin kakata ya fi kwamfutarka sauri."

"Jakin kakarki mutum ɗaya yake ɗauka."

"Ka gyara mana!"

"Ina kai, Luz. Ina tunani."

Wata takwas yana tunani. Wannan kam nawarsa ce, ya kuma yarda.

Dokta Ximena ba ta jira ba. Dokta muke ce mata kamar yadda ake ce wa duk mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki, amma ba ta taɓa duba mara lafiya ba, harkar gudanarwa ta karanta. Ta ɗauko wani injiniya daga wani kamfani a Medellín, Wílmar Castaño, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai fara'a, ba shi da girman kai. Ya yi sati biyu ya rubuta sabon ɓangaren ba da lamba. Aka tara mu a ɗakin taro ya nuna a bango. Tsohon, lamba ɗari uku a sakan guda. Nasa, miliyan tara. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, har da guɗa, ba zan yi ƙarya ba.

Don Oto ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Injiniya, aiki ya yi kyau. Da ka auna saurin nan, mutum nawa ke neman lamba?"

"Zare ɗaya na sa, Don Oto. Don a ga tsantsar saurin."

"Sakatar fa?"

"Ita ce ke cin lokacin, na cire ta. Lambar tana cikin ƙwaƙwalwar injin, a duba, a ƙara ɗaya, a mayar. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Kafin biyu su haɗu a wannan ɗan tsakanin, ai sai dai ƙaddara."

"Ƙaddara kuwa takan zo Litinin da safe," in ji Don Oto. "A ba ni Asabar ɗaya in kai shi kasuwa."

Dokta Ximena ta duba agogo. Ta ce Litinin wani babban kamfanin inshorar lafiya zai fara turo mana mutanensa, ba za ta tarbe su da layi har titi ba, ba ta kuma da lokacin wasan buñuelo. Aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi. Ya koma ofis ya rubuta mata wasiƙa ta kwamfuta, layi huɗu, ya ce bai yarda a sa sabon ɓangaren ba sai an gwada shi da zare da yawa. Ba ta amsa ba.

A wajen shan kofi na tare shi.

"Wai mene ne zaren nan da kuke ta faɗa?"

"Kwamfutar can ta ɗakin baya hannu goma sha shida gare ta, kowane hannu na aikinsa a lokaci guda. Shi muke ce wa zare. Ki ɗauka ke da Nohemí kun kalli allo tare, an rubuta ɗari biyu da biyar. Me za ki ce ita ce ta gaba?"

"Ɗari biyu da shida."

"Ita fa?"

"Ɗari biyu da shida."

"To kin tuna alƙalaminki da na ƙwace."

Gaskiya kwanakin farko mun ji daɗi. Kafin ka ɗage yatsa takarda ta fito. Ƙarfe takwas babu kowa a layi, har muna samun zama mu yi hira. Na riƙa tsokanarsa, in ce tsoho ya ji kunya. Ya ce Allah ya sa ya ji kunyar har ya mutu.

Rana ta goma sha bakwai Laraba ce, ba Litinin ba, wannan kam ya kuskure. Wajen bakwai saura kwata, ɗaki cike. A gabana wani dattijo mai ciwon sukari, a gaban Nohemí wata mai juna biyu. Nohemí tana da ɗabi'ar karanta lamba da ƙarfi in ta yi mata daɗi. Ni ce na riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, shi ya sa comadre take ce mini.

"Comadre, ji! Huɗu, ɗaya, bakwai. Sha bakwai ga watan huɗu, ranar haihuwar 'yarki ta baftisma ke nan. Yau akwai sa'a."

Na dubi kwalbar da nake liƙa wa takarda. Huɗu, ɗaya, bakwai.

"Karanto duka," na ce.

Ta karanto tun daga farko. Ko ɗigo babu bambanci. Da ta yi shiru kamar kowace mai hankali, da kwalaben nan sun shiga ciki, injin awo ya zuba sakamakon ɗaya kan ɗaya, mai ciki ta tafi gida da sukarin dattijo, ko shi ya tafi da nata a ce masa lafiyarsa ƙalau. Na miƙe na ƙwala kira, ban damu da wanda ke wurin ba.

Ya fito da kofi a hannu. Ya ɗora kwalaben a tafinsa ya duba ta saman tabarau. Bai ce na faɗa muku ba. Ya ce, "Duk tagogi a tsaya. Luz, buɗe kabad ɗin ƙasa." Ashe littafin nan yana nan, da alƙalami ɗaure. Aka kira rassa aka ce kowane ya buɗe littafi, ya sa harafin reshensa a gaban lamba. Ranar da hannu muka yi aiki har azahar. Ma'aikatan da aka ɗauka kwanan nan suna ta ƙorafin yatsa, ni da Nohemí kuwa kamar an mayar mana da ƙuruciya.

Ya bi lambobin kwana goma sha bakwai duka, ya samo wasu tagwayen guda uku. Mutum shida ke nan. Aka kira su ɗaya-ɗaya, aka ba su haƙuri, aka sake ɗibar jini. Allah ya rufa asiri, babu wanda aka ba magani a kan sakamakon wani. Wata mata ce dai ta yi sati ba ta taɓa zaƙi ba a banza, ta kuma faɗa mana abin da ke ranta, har da wanda ba ya rubutuwa.

Wílmar ya hawo motar safe daga Medellín washegari, fuska a yamutse. Ina ofis ina miƙa takardu ya shigo.

"Don Oto, na yi abin kunya."

"Ka karya kumallo?"

"Ban iya cin komai ba."

"Zauna. Ofelia kullum biyu take sa mini." Ya miƙa masa arepa. "Ni ma wata takwas na bar mutane a titi. Kai ka yi sauri, ni na yi nawa. Jawo kujera mu ga abin da mutum biyu za su iya."

Kafin la'asar sun gama. Abin da ya yi wata takwas yana juyawa a kai, Wílmar ya rubuta shi cikin awa huɗu. Sakatar ta dawo, amma ba a shiga ɗakin don lamba ɗaya. Kowane zare in ya shiga sai ya ɗebi damin lamba ɗari, nasa shi kaɗai, ya fito ya riƙa rabawa ba tare da jiran kowa ba. In sun ƙare ya koma ya ɗebo wani damin. Babu ruwan sakata da takardar da ta maƙale a Dosquebradas. Asabar aka yi ranar kasuwa, Wílmar ne ya sayo buñuelo, shi ya ƙirga mana ɗaya, biyu, uku. Awa ɗaya mutum sittin da huɗun nan na ƙarya suna ihu a cikin injin, ba a samu tagwaye ba. Saurin bai kai miliyan tara ba, amma wa ya taɓa ganin mutum miliyan tara a layi?

Abu ɗaya ne ya canza. Lambobin ba sa bin juna a jere kamar da. Tawa ta ce ɗari uku da biyu, ta Nohemí ta ce ɗari bakwai da goma, in aka kashe injin kuma ragowar damin ya tafi ke nan. Dokta Ximena ta ce wannan giɓin bai yi mata kyau a ido ba. Don Oto ya ce mata lamba ba ado ba ce, aikinta kawai kada ta yi kama da 'yar'uwarta.

Shi ke nan, na ɗauka magana ta ƙare, sai ga rahoton ranar Talata. Na san dalilinsa, kowa ya sani. In aka rubuta cewa sabon abu aka sa ba gwaji, ofishin lafiya zai tambayi wanda ya ba da izini. In aka ce tsohon tsari ne, na tsohon da zai tafi nan da wata biyu, sai a rufe fayil kowa ya huta. Na kira Wílmar a waya. Ya ce shugabanninsa sun hana shi sa hannu a kowace takarda, amma duk wanda ya tambaye shi da baki zai faɗi gaskiya. Na yarda da shi. Sai dai babu wanda ya tambaye shi.

Jiya Laraba bayan an tashi na bi Don Oto gida, don raina ya ƙi kwanciya. Na same shi a lambun bayan gidansa cikin furanninsa, sun fi tukunya tamanin, yana goge ganye da auduga. Doña Ofelia ta zubo mini miyar kaza da rogo da ayaba, ta ce in ci tukuna, faɗa ba ya kyau da yunwa.

"Don Oto, ka ji abin da matar nan ta karanta, ka zauna kamar gunki?"

"Na ji."

"Shi ke nan? Na ji?"

"Kwalabe suna fita daidai, Luz. Layi ya ƙare. Wílmar ya koyi abin da ba zai manta ba, ni ma haka. Zo ki ga wannan, shekara huɗu ina jiran ta yi fure, sai makon nan."

"Ni ban zo ganin fure ba."

"Faɗa masa dai," in ji Doña Ofelia daga ƙofar kicin. "Ni na gaji. Shekara talatin da shida, ko mai kanti ya ba shi ruɓaɓɓen tumatir sai ya ce wataƙila shi ma haka aka ba shi."

Ya yi dariya, dariyarsa ta gaske, har da tari. Muka ci abinci, ya ba mu labarin yadda abokinsa na keke ya faɗa rami yana kallon wata mai sayar da mangwaro. Gidan nan akwai kwanciyar rai, ba na jin na taɓa shiga wanda ya fi shi. Na kusa haƙura.

Da zan tafi ya ce in tsaya. Ya shiga ɗaki ya fito da wani littafin rubutu mai bango shuɗi. Darussan da zai koyar ne, ya tsara su mako-mako da rubutunsa mai kama da na injin, har mako goma sha shida. Ya buɗe mako na tara ya nuna mini: zai sa ɗalibai biyu su tsaya gaban allo, kowa da allinsa, ya ce su rubuta lamba ta gaba.

"Za su so shi, ko?" ya ce.

"Za su so shi."

Ya rufe littafin, ya shafa bangon da tafin hannu. "Shugabar makarantar mace ce mai bin ƙa'ida. In ta ga rahoton, ba zan ga laifinta ba." Ya mayar da shi ɗaki, ya rako ni har inda ake shiga mota, yana gaisawa da kowa a hanya.

Shi ba zai yi magana ba, haka Allah ya yi shi, kuma da hakan yake jin daɗin duniyarsa. Ni ba haka aka yi ni ba.

Saboda haka, Dokta Ximena Echeverri, da ku ukun da kuka mallaki wannan kamfani, ku saurara. Kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a ku janye rahoton nan. Ku rubuta wani da zai faɗi ranar da aka sa sabon ɓangaren, da wanda ya ce a sa, da cewa zare ɗaya aka gwada shi da shi. Ku liƙa wasiƙar Don Oto mai layi huɗu a bayansa, kwanan wata na jikinta. Ku ɗauki waya ku tambayi Injiniya Wílmar, lambarsa na wurinku. Ba na neman a kori kowa, kuskure ne, an gyara, babu wanda ya mutu. Ku tara mu talatin da ɗayan nan a ɗakin da kuka tara mu, ku karanta sabon da murya irin wadda aka karanta tsohon. Sannan ku rubuta wa makarantar takardar shaidarsa a makon nan, ba sai Nuwamba ba, ku ba shi ya karanta da idonsa kafin ku rufe ambulan.